Kunun da Sinawa ke ba majinyaci: abinci ne ko magani?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata da yawansu hanya ɗaya suka bi, wato kunun shinkafar nan da Sinawa ke ba marar lafiya. Wani a can ya sha, wani a waya ya gani, wani kuma tallarsa aka yi masa. Na zaɓi biyar na taƙaita su, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro yadi. A tafiyata ta baya cikina ya ɓaci, amai da gudawa, ko ƙanshin abinci ba na son ji. Tafintana, wani Basine, ya kawo mini shinkafa da aka dafa har ta narke cikin ruwa, ba mai ba yaji, sai ɗanyar citta da aka yanka siri-siri. Ya ce in riƙa kurɓa da zafinta. Kwana biyu na miƙe na koma kasuwa. Ya ce su a wurinsu magani ne. Da na ba uwargida labari sai ta yi dariya, ta ce ai talge aka ba ni. Shin da gaske magani ne, kuma za a iya yin sa a gida? — Wani Alhaji daga Kantin Kwari

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Ka gaida mini uwargida, ka ce ta kusa canka. Abin da aka ba ka shi ne Sinawan arewa ke kira zhou, mutanen Gwanzu kuma juk: shinkafa kofi ɗaya, ruwa kofi takwas zuwa goma sha biyu, a bar su kan wuta har ƙwayar ta fashe ta saki jikinta. A kudancin Sin karin kumallo ne na talaka da mai kuɗi, ko lafiya lau ma shi ake sha. Sai dai tafintanka bai yi maka ƙarya ba. Likitocin gargajiyarsu sun shigar da shi littattafansu tun da daɗewa, kuma suna da hujjarsu.

Su a fahimtarsu ciki tukunya ce a kan murhu. Duk abin da mutum ya haɗiye sai ya sake dahuwa a can kafin jiki ya mora. Idan ciwo ya kwantar da mutum wutar takan yi ƙasa, in kuma aka ɗora mata soyayyen nama da maiƙo da ruwan ƙanƙara sai ta ƙarasa mutuwa, abinci ya zauna a ciki ba gaba ba baya. Kunu kuwa an riga an yi masa rabin aikin a waje, ga ɗumi ga ruwa, ƙaramar wuta ma ta ishe shi. Shi ya sa Basine zai murtuke fuska in ya ga majinyaci da robar lemo mai sanyi a hannu. Aikin narkar da abinci gaba ɗaya sukan jingina shi ga tumbi da saifa, suna ganin daga nan ƙarfin jiki da jini suke samuwa, don haka likitansu ba ya sallamarka sai ya tambayi yadda kake cin abinci da yadda bayan gida yake fita.

Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani likita mai suna Zhang Zhongjing ya rubuta littafi a kan zazzaɓin da sanyi ke kawowa, Shanghan Lun, wanda har gobe ɗaliban likitancin gargajiya a Sin suke karanta shi. Haɗin farko da ya kawo a ciki dafaffen reshen kirfa ne da ɗanyar citta da jan dabinon Sin da wasu saiwoyi biyu. Ya ce in majinyaci ya sha, a ɗan dakata, sannan a ba shi kunu mai ruwa-ruwa da zafinsa don ya taimaka wa maganin, a lulluɓe shi har ya yi ɗan gumi, ba wanda zai jiƙe shi sharkaf ba. Ya kuma hana shi ɗanyen abu da mai sanyi da nama da giya. Ka lura da matsayin da ya ba kunun, Alhaji. Mataimaki ne. Maganin daban, kunun daban.

Wajen 652, lokacin nan Sayyidina Usman yana halifa a Madina, wani babban likitan nasu, Sun Simiao, ya ware babi guda a littafinsa domin jinya da abinci. Ya ce likita ya fara gano tushen ciwo, ya tunkare shi da abinci, sai in abinci ya gaza sannan ya ɗauko magani, domin magani a wurinsa runduna ce, in aka sake ta ba lissafi ɓarna take yi. A 1773 kuma wani dattijo mai suna Cao Tingdong, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya rubuta littafi domin tsofaffi 'yan'uwansa, ya jera kunu kala ɗari a ƙarshensa.

Ta yaya kunu ɗaya ya zama kala ɗari? Shinkafar dai ita ce, abin da ake jefawa ciki ne ke sauyawa gwargwadon halin mai sha. Sun kasa abinci gida biyar: mai zafi, mai ɗumi, matsakaici, mai sanyi-sanyi da mai sanyi, kuma ba zafin tukunya suke nufi ba, abin da yake yi wa jiki suke nufi. Mai murar da ta zo da jin sanyi da farar majina, a sa masa citta da farin gindin albasa mai lawashi. Lokacin zafi sai ƙananan koren wake. Wanda ya rame bayan doguwar jinya a sa masa jan dabinon nan, wanda a gaskiya dangin magarya ne da kurna. Mai yawan sakin ciki, doyar Sin da 'ya'yan wani furen ruwa mai kama da bado. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bakano. Mu ma muna cewa sanyi ya shige shi, muna cewa abu kaza yana da zafi, kuma duk wanda ya leƙa littattafan ɗibbu na su Ibn Sina ya ga irin wannan rabon. Kunun jinya ma muna da namu a sunna. Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, ta ce ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana kwantar da zuciyar majinyaci, tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Garin sha'ir ne ake damawa, a sa madara ko zuma.

Ga nawa ra'ayin, ni da na yi shekaru a bakin gadon marasa lafiya. Abin da ya tashe ka ruwa ne da sitaci da ɗan gishiri, sai hutun da cikinka ya samu daga mai da yaji. Mai amai da gudawa ba yunwa ce ke kayar da shi ba, ƙarewar ruwa ce. Sitacin shinkafa in ya narke a hanji yakan ja gishiri da ruwa su shiga jini tare da shi. A kan wannan ne masu bincike a Dakka ta Bangaladash suka gwada ruwan gishirin da aka haɗa da garin shinkafa a shekarun 1980, suka ga yana rage yawan gudawar masu kwalara. Citta ma an gwada ta a kan tashin zuciya, tana taimakawa. Ga shi kuma yawancin ɓacin cikin matafiya da kansa yake lafawa cikin 'yan kwanaki. Kunun ya yi maka aiki na gaske, ban rage masa komai ba, amma da taifod ce da bai kashe ƙwayar cutar ba. Jini a bayan gida, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ɗaukewar fitsari, ko duk abin da ka kurɓa ya dawo, waɗannan na asibiti ne, a Gwanzu kake ko a Kano.

Yin sa a gida ba wuya. Uwargida ta samu shinkafar tuwo, wadda ba a turara ba. Irin ta dafa-duka ko an wuni ana dafawa ba ta narkewa yadda ake so. Tsakin shinkafa ma ya fi sauri. Ta wanke ta jiƙa rabin awa, gwangwanin madara ɗaya da ruwa gwangwani goma. In ya tafasa ta rage wuta, ta ɗan karkace murfi don kada ya zube, tana juyawa daga ƙasa lokaci-lokaci, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Citta sai ana saura minti goma a sauke, gishiri ɗan kaɗan. Ranar farko a sha haka. In ciki ya fara karɓa, a yayyaga dafaffiyar tsokar kaza ko kifi a ciki, ko a fasa ƙwai a juya har ya dahu, domin ba a tashi daga jinya da sitaci kaɗai. Kuma a dafa daidai sha. Dafaffiyar shinkafa in ta wuni a ajiye cikin zafin garin nan, ga firjin da wuta ba ta tsaya masa ba, akwai ƙwayar cutar da tafasa ba ta kashe irinta, takan tsiro ta bar dafin da ɗumame ba ya cirewa.

Sai abin da za ka kiyaye in ka koma. Kunun da ya fi farin jini a shagunan Gwanzu da naman alade ake yin sa, tare da wani baƙin ƙwai da ake adanawa cikin toka da gishiri, wani kuma da romon ƙashin alade ake dafa shi ko da ba ka ga nama a kwanon ba. Ka ce wa tafintanka fari zalla kake so, ko ka nufi gidajen abincin Musulmi na unguwar Xiaobei, masu alamar halal a ƙofa.

TAMBAYA: Hajiya, ni tsohon malamin makaranta ne, na haura sittin, ina fama da ciwon suga. Haƙorana sun yi rauni, tauna tana ba ni wahala. Jikana ya nuna mini bidiyo a waya ana cewa kunun shinkafa ne sirrin tsawon ran tsofaffin Sin. In mayar da shi abincina safe da dare? — Wani malami daga Gwammaja

AMSA: Malam, Allah ya ba da lafiya. Kada ka yi. Abincin wani gubar wani, kuma saurin narkewar nan da na yaba a amsar farko shi ne matsalarka. Shinkafa in ta daɗe a wuta cikin ruwa mai yawa, sitacinta yakan kumbura ya warware, ba tauna ba jira, sai ya gangara hanji ya koma suga cikin ƙanƙanin lokaci. Suga ya yi sama, bayan awa biyu ko uku yunwa ta dawo sabuwa fil.

Maganar tsawon rai tana da asali. Wani mawaƙinsu, Lu You, wanda ya rasu a 1210 bayan ya haura tamanin, ya yi baitoci yana yabon kunu a matsayin hanyar daɗewa a duniya, har yau ana jawo su. Amma mai bidiyon bai gaya wa jikanka cewa Sin tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ciwon suga a duniya ba, sun haura miliyan 100, kuma likitocin asibitin can suna jan kunnensu a kan farin kunu. A watan Afrilun 2020 ma wani sanannen likita a Shanghai, Zhang Wenhong, ya ce a daina sallamar yara da kunu da safe, a ba su ƙwai da madara. Aka yi masa ca a intanet, wai ya raina abincin iyaye da kakanni.

In abu mai laushi kake so, ka bar tataccen gari da farar shinkafa, ka koma tsakin alkama ko dawa ko gero da dusarsa, a dafa da wake, a sauke tun ƙwayar ba ta gama narkewa ba. Ƙaramin kwano, ba suga, ba zuma, ba dabino. Masu cewa zuma ba ta ta da suga su ji tsoron Allah. Ka fara da alale ko dafaffen ƙwai ko kifi kafin ka kai ga kunun, duk ba sa neman haƙori. Wannan hukunci ya hau kan kokon safe da ake tsuga wa suga, ya hau kan kunun acha da mutane ke sha ba ƙaƙƙautawa wai ita ba ta da laifi. Acha ma sitaci ce.

Na'urar gwada suga ta fi ni sanin jikinka. Ka gwada kafin ka ci, ka sake gwadawa bayan awa biyu. In ta wuce 10, wato 180 a ɗaya ma'aunin, wannan kwanon ya yi maka yawa ko bai karɓe ka ba. Ka riƙa rubutawa ka kai wa likitanka, kuma kada ka rage ƙwaya ko allura da kanka. Haƙoran ma a kai su a duba, dasashin mai suga yakan yi saurin lalacewa.

TAMBAYA: Anti, ina da cikin fari wata takwas, kuma a wurin awo an ce jinina yana hawa. Gwaggo, yayar babana, ita za ta yi mini wankan jego, har ta sayi kanwa ta ajiye. Na karanta cewa matan Sin kunun gero da jan suga da jan dabino suke sha in sun haihu, wai yana mayar da jini. Ina so in sha irin nasu in bar na kanwa, amma ina jin nauyin Gwaggo. — Wata matar aure daga Sharaɗa

AMSA: Ɗiyata, Allah ya sauke ki lafiya. Sinawa ma suna da jegonsu, wata guda cur, wasu su kai arba'in. Mai jego ba ta fita, ba ta shan ruwan sanyi, ba ta zama a iska, a da ko wanka da wankin kai hana ta ake yi. Mu kuma safe da yamma ake tafasa ruwa a fyaɗa mata da ganyen darbejiya. Hanya ta bambanta, abin tsoron ɗaya ne: kada sanyi ya shiga jikin da haihuwa ta buɗe. A arewacin Sin kunun gero ake ba ta da jan suga da dafaffen ƙwai. Geron nasu ba irin na Dawanau ba ne, ƙananan ƙwaya ne masu launin rawaya, amma namu zai yi aikin, jan sugan kuwa kusan mazarƙwaila ce. A kudu abin ya sha bamban, kaza ce da citta da giyar shinkafa, a Gwanzu har da ƙafar alade da ake dafawa da citta da baƙin binega. Na faɗa miki ne don kada ki ɗauki duk abin da aka ce na masu jegon Sin ne ki kai baki.

Batun mayar da jini, a nan ni da su muka raba hanya. Sinadarin ƙarfen da ke cikin jan dabino da jan suga bai taka kara ya karya ba. Abin da ke mayar da jinin da aka zubar wurin haihuwa shi ne ƙwayar ƙarin jinin nan da ake ba ku a awo, ki ci gaba da ita bayan kin sauka yadda aka ce miki, sai nama da hanta da kifi da wake da ganye. Kunu amfaninsa ruwa ne da ƙarfi da ɗumin ciki, kuma mai shayarwa tana buƙatar duka ukun.

Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini yana cikinta da yawa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi a nan Kano daga baya ya nuna ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba, akwai hawan jinin masu ciki da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Ko ma wanne ya fi laifi, mace mai hawan jini ba ta da abin yi da kunun kanwa safe da yamma. Wannan ba na sassauta shi.

Amma kada ki tunkari Gwaggo da maganar Sin, za ta ce boko ya sa kin raina ta, ita kuwa da zuciya ɗaya ta sayi kanwar. Ki tafi da ita awo na gaba ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. A zamana a ɗakin haihuwa na sha ganin tsofaffi suna karɓar magana daga mai farin kaya wadda ba za su taɓa karɓa daga 'ya'yansu ba. Sannan a bar mata ludayinta. Ita za ta dama miki kunun gyaɗa da na tsamiya da na gero, ta zuba citta da kanumfari yadda ta saba, kanwar kawai za a cire. Kafin ki haihu kuma kada ki sha wani haɗin ganye, na Sin ne ko na gida. Su kansu Sinawan akwai hatsin kunun da suke hana mai ciki. Bayan haihuwa in kika ji numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta, ko tarin dare, ko ƙafa ta kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ba a jiran arba'in. A ranar za a tafi asibiti.

TAMBAYA: Anti, mahaifiyata ta daɗe tana fama da olsa. Na ga wani yana tallar garin kunu a Facebook, ya ce daga Sin aka kawo, haɗin ganye goma sha takwas ne, yana maganin olsa da ƙoda da sanyi da hawan jini. Kuɗinsa ya kusa rabin albashina. In saya mata? — Wani matashi daga Ɗorayi

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Riƙe kuɗinka. Ko a ma'aunin likitancin Sin ɗin wannan talla ta faɗi, domin likitansu sai ya ga mutum, ya duba harshensa, ya ji bugun jininsa a wuyan hannu biyu, sannan ya ce ga abin da ya dace da shi. Mutum biyu za su zo da ciwon ciki iri ɗaya, ya ba wannan mai ɗumi ya ba wancan mai sanyi. Leda ɗaya ta kowa da kowa ba tsarinsu ba ne.

Kuma sun san ba kowane ganye ake jefawa a tukunya ba. A 2002 ma'aikatar lafiyarsu ta fitar da jerin abubuwa 87 da aka yarda a ci a matsayin abinci ko da ana magani da su, irin su citta da jan dabino da doyar Sin. Ko cikin waɗannan akwai wata saiwa mai zaƙi da ke ɗaga jini in an yawaita, akwai jajayen 'ya'yan goji da aka samu sun ƙara wa wafarin, maganin tsinka jini, ƙarfi a jikin wasu marasa lafiya. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 da ke shan wani haɗin rage ƙiba ƙodarsu ta lalace, saboda an musanya wata saiwar Sin da wata mai kusan sunanta wadda ke ɗauke da guba. Wasu sun ƙare a wankin ƙoda, wasu daji ya kama hanyar fitsarinsu. Garin da ba a rubuta abin da ke cikinsa da harshen da kake karantawa ba, ba lambar NAFDAC, ba na bakin tsohuwa ba ne. In ma da lambar, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa.

Ba raina ilimin Sinawa nake ba. Maganin zazzaɓin cizon sauron da ake ba mu a kowane kemis a Kano daga wani ganyensu aka samo asalinsa, kuma Tu Youyou da ta jagoranci aikin ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Amma ita tsohon littafi hanya kawai ya nuna mata, sai da aka yi shekaru ana tacewa ana gwadawa.

Yawancin gyambon ciki abu biyu ne ke kawo shi: wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda tsofaffinmu ke haɗiya kullum saboda gwiwa. Ka tambayi Mama ko tana sha. Ƙwayar cutar ana gwada ta a bayan gida ko a numfashi, maganinta kuma na kwana 10 zuwa 14 ne. Kuɗin garin nan ka kai ta asibiti da shi a yi mata gwajin. Kunun shinkafar gida zai iya raka ta a kwanakin da cikin ya tashi, kaɗan-kaɗan, kuma kada ta kwanta da ta sha. In bayan gidanta ya koma baƙi wuluk, ko tana rama, ko abinci yana tsaya mata a ƙirji, kada a kwana.

TAMBAYA: Anti, yarona ɗan wata takwas yana gudawa, haƙori yake fitarwa. In ba shi ruwan shinkafar nan maimakon O.R.S.? — Wata uwa daga Fagge

AMSA: A'a, 'yar nan, O.R.S. ne a gaba, domin shi an auna gishirinsa da sugansa, ruwan tukunya kuwa ba wanda ya auna. Ki haɗa shi da tafasasshen ruwa yadda aka rubuta a jikin ledar, ki riƙa ba shi da cokali bayan kowace gudawa, da ƙwayar zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Nono ki ƙara, kada ki rage. Kuma kada ki jingina abin ga haƙori ki zauna. Yaro mai fitar da haƙori duk abin da ya tsinta a ƙasa baki yake kaiwa, daga nan cutar take shiga. Kunun nasa ba irin na manya ba ne. Cikinsa ƙarami ne, in kika cika shi da tsululun ruwa ba abin da ya ci. Ki yi shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, ki sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko dafaffen ƙwai ko ɗan cokalin mai, ban da zuma sai ya cika shekara. In idonsa ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko ya ƙi kama nono, ko kika ga jini, ki goya shi sai asibiti ko da tsakar dare ne.